Tsakanin Ƙanƙara da Tururi

Mutum uku ne, kowa da gishiri a hannu, kowa kuma da abin da yake nema a wurinsa. Na farko direban babbar mota ne a arewacin Amurka, ya fito da asubar hunturu yana watsa gishiri a kan titi don ƙanƙarar da ta kwana a kai ta narke. Na biyu mai haɗa askirim ne irin na da, ya zuba gishiri a kan fasasshiyar ƙanƙara don madarar da ke cikin gwangwaninsa ta daskare. Ta uku uwargida ce a madafa, ta jefa gishiri a tukunya don, in ji ta, ruwan ya yi saurin tafasa. In ka tambaye su me gishiri ke yi wa ruwa, amsa uku za ka kwasa: yana narkarwa, yana daskararwa, yana tafasarwa. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ce ko dai biyu daga cikinsu sun shara ƙarya, ko kuwa gishirin ne mai fuska biyu.

Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa. Tangarɗar daga yadda muke shirya magana take. Baki ya fi son ya ce wane ya yi wa wane kaza. In an ga canji bayan an zuba gishiri, sai a ɗora masa aikin, a ce shi ya kawo zafi, ko shi ya kawo sanyi. Alhali bai zo da ko ɗaya ba. Aikinsa guda ne, a kan titi da cikin tukunya: yana sa ruwa ya daɗe yana ruwa. Yana wahalar masa da zama ƙanƙara, yana wahalar masa da zama tururi. Duk abin da zai biyo baya reshen wannan ne.

Tun a firamare aka sa mu haddace cewa ruwa na daskarewa a digiri sifili, yana tafasa a digiri 100. Lambobin nan mutum ne ya aza su. Wani masanin taurari ɗan ƙasar Suwidin, Anders Celsius, shi ya ɗauki iyakokin nan biyu a 1742 ya raba tsakaninsu gida ɗari. A tsarinsa ma sifili ne wurin tafasa, 100 wurin daskarewa. Sai bayan rasuwarsa aka juya ma'aunin ya koma yadda muka san shi. Abin da haddar ta zubar a hanya shi ne sharuɗɗan: ruwan ya zama zalla, ba komai a narke a cikinsa, kuma a auna shi a daidai doron teku. Da an taɓa ɗaya daga cikin sharuɗɗan, lambobin sun motsa.

Mu fara da tafasa. Ko ruwan randa da ke zaune lafiya lau, kullum akwai ƙwayoyinsa da ke sulalewa daga sama suna shiga iska, shi ya sa wanki ke bushewa ko a inuwa aka shanya shi. Zafi na ƙaruwa, yunƙurin ficewar na ƙaruwa. Amma iskar da ke kanmu tana da nauyi, tana danne da ruwan. Sai lokacin da ƙarfin tururin ya kamo ƙarfin wannan danniya ne kumfa ke iya buɗewa a can cikin ruwan, ta taso har sama ba ta mutu a hanya ba. Abin da muke kira tafasa ke nan. Saboda haka duk inda iska ta yi sauƙi, ruwa kan tafasa da wuri: kowane hawa na kamar mita 300 yana rage digiri ɗaya. A Legas 100 ne. A Kano, da ke kusan mita 500 sama da teku, wajen 98 da rabi ne. A Jos kuwa wajen 96. Mai shayin Jos bai taɓa dafa ruwa mai digiri 100 ba, kuma ba wanda ya taɓa mayar masa da shayi a kan haka.

To, ga tukunyar taliya a kan wuta. Ruwan ya ɗau zafi, 'yan ƙananan kumfa sun manne a gindin tukunya, ana jin wannan siririyar ƙara da ke zuwa kafin tafasa. Uwargida ta debo gishiri da yatsu ta watsa. Nan take ruwan ya yi fari fat, ya yi fuuu, kumfa ta taso ko'ina, bayan 'yan daƙiƙu kuma ta kwanta. An ce gani ya kori ji, wa zai ce mata ba tafasa ta gani ba? Amma ga abin da ya faru. Kumfa ba ta iya kafuwa a tsakiyar ruwa haka siddan, sai ta sami wani kaushi ko wata 'yar kafa da za ta fara daga ciki. Kowace ƙwayar gishiri cike take da irin waɗannan wurare, da iska a maƙale. Ruwan da ke dab da tafasa sai ya sami dubban ƙofofi a lokaci guda, ya amayar da iska da tururin da yake riƙe da su. Da wankakken yashi ta watsa, da abin da za ta gani ke nan. Da gishirin ya narke kuwa, ruwan da ke tukunyar ya fi na ɗazu wuyar tafasa. Ƙwayoyin gishiri sun shiga tsakanin na ruwa, kuma su ba sa tashi su zama tururi. Rabon ruwa a cikin cakuɗin ya ragu, yunƙurin ficewa ya ragu, sai an ƙara zafi kafin ya kamo nauyin iska.

Nan ne ɗanta da ke sakandare zai leƙo ya ce, "Umma, ai ba saurin tafasa yake sa shi ba. Zafin tafasar yake ɗagawa, shi ya sa abinci ke saurin nuna." Rabin farko na maganarsa gaskiya ne, za a ba shi maki a jarrabawa. Rabi na biyu kuwa an ƙara masa gishiri. Ƙaramin cokali guda, wato kamar giram 6, a cikin lita ɗaya ta ruwa, abin da zai ƙara bai wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Kafin a sami digiri ɗaya cur, sai an narkar da giram 58 a litar, fiye da babban cokali uku, wanda ya zarce ruwan teku ɗaci, domin shi na teku giram 35 ne a kowane kilo. Mai girki a Jos da ke son ta maido digiri huɗun da tsauni ya ƙwace mata sai ta juye fiye da giram 200 a kowace lita, kuma ba mai iya kai wannan abincin baka. Ashe magana na iya zama gaskiya tsantsa kuma ta kasa tsinana komai a inda aka faɗe ta. Murfin tukunya ya fi gishiri taimakon mai sauri nesa ba kusa ba. Gishirin girki na ɗanɗano ne, kuma wannan dalilin ya ishe shi.

Sai dai akwai waɗanda wannan magana ta zame musu ta yau da kullum. A Keana da Awe, a jihar Nasarawa, mata sun gaji sana'ar dafa gishiri kaka da kakanni. Ana dafa shi kuma a Dallol Foga, wajen Gaya a Nijar, da ƙasar Manga. Ana kwaso ƙasa mai gishiri, a zuba ta a mataci, a bi ta da ruwa, abin da ya tsatso a ɗora a wuta. Tacewar nan dabarar rage cin itace ce, don itace shi ne babban kuɗin sana'ar: gwargwadon kaurin ruwan da aka fara da shi, gwargwadon ƙarancin wanda za a ƙone. A kan wuta ruwa na tashi, gishiri na zaune, saboda haka abin da ya rage sai ƙara kauri yake, zafin tafasarsa na hawa a hankali: 102, 104, 106. Idan gishiri ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin abin da ke tukunya, ruwan ya ƙoshi, ba ya iya riƙe ƙari. A nan, wajen digiri 108 zuwa 109 in a doron teku ne, hawan ke tsayawa, farar ɓawo ta fara kamawa a sama da gefe. Ga dai doka ɗaya da ta tukunyar taliya, amma a nan digiri takwas ake magana, ba gutsuren digiri ba. A Bilma da Fachi, inda ayarin raƙuma ke ɗauko kantu da beza su ratsa Tenere, babu itacen da za a yi wannan hidima, rana ce ke aikin a cikin ramuka. Ita ma ba ta tsira daga dokar ba: ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi jinkirin ƙafewa, kuma da ɓawo ya rufe saman ramin sai an fasa shi kafin ƙafewar ta ci gaba.

A ɓangaren sanyi ne gishiri ya fi nuna ƙarfinsa. Giram 58 ɗin nan da ya ɗaga tafasa da digiri ɗaya tak, yana sauke daskarewa da kusan uku da rabi. Ƙanƙara ruwa ne da ƙwayoyinsa suka jeru cikin wani tsari mai kusurwa shida, kowace a gurbinta, kuma tsarin bai tanadi gurbin baƙo ba. In ka sa dunƙulen ƙanƙara cikin ruwa mai digiri sifili, sai ka ga kamar ba abin da ke gudana, alhali a fuskarta hada-hada ake yi: wasu ƙwayoyin na ɓallewa su koma ruwa, wasu na zuwa daga ruwa su kama gurbi, masu fita daidai da masu shiga. Wannan kunnen dokin shi ne abin da littafi ke kira wurin daskarewa. Da an zuba gishiri, masu shiga sun ragu, don yanzu ba duk abin da ya taɓa ƙanƙarar ne ruwa ba. Masu fita kuwa ba wanda ya tare su. Sai ƙanƙara ta fara narkewa.

Narkewa ba kyauta ba ce. Zafin da giram ɗaya na ƙanƙara ke sha kafin ya narke, ya isa ya ɗaga giram ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Tunda gishirin bai zo da wuta ba, ina za a samo wannan zafin? Daga jikin ƙanƙarar, da ruwan, da duk abin da ke jingine da su. Saboda haka tana narkewa, cakuɗin na ƙara sanyi, yana gangarawa ƙasa da sifili har sai masu fita da masu shiga sun sake yin daidai. Iyakar inda gishirin girki ke iya kai shi ita ce digiri 21 ƙasa da sifili, lokacin da gishiri ya kai kashi 23 cikin ɗari. Narkewar da sanyin abu guda ne aka kalla ta gefe biyu. Direba narkewar yake so, mai askirim sanyin yake so. Madarar da aka sa wa sukari ba ta daskarewa a sifili, don haka ƙanƙara zalla ba za ta iya da ita ba, sai wadda gishiri ya tura ƙasa. A kan wannan dabara ce wata mata a Filadelfiya, Nancy Johnson, ta yi rajistar injin askirim na juyawa da hannu a 1843: bokitin katako, gwangwani a tsakiya, ƙanƙara da gishiri a kewaye. Tun kafin ita, Daniel Fahrenheit, wanda Amurkawa ke amfani da ma'auninsa har gobe, ya bayyana a 1724 cewa sifilinsa ya samo shi ne daga cakuɗin ƙanƙara da ruwa da gishiri. Sifilin nasa ya yi daidai da kusan digiri 18 ƙasa da namu.

Jihar New Hampshire ce ta fara gwada gishiri a tituna a Amurka, a ƙarshen shekarun 1930. Yau ƙasar na watsa abin da ya kai wajen tan miliyan 20 a shekara. Masu aikin sun san iyakarsa: in sanyi ya wuce kamar digiri 10 ƙasa da sifili, gishirin ya yi nawa, in ya wuce 21 kuwa ba shi da sauran amfani, sai a koma ga wani ɗan'uwansa, kalsiyam kulorayid. Kuma abin da aka watsa ba ɓacewa yake ba. Yana bin ruwa ya shiga rafuka da rijiyoyi, yana cin ƙarfen gadoji. Bakanike a Kano da ya kwanta ƙarƙashin motar da aka shigo da ita daga Kanada ya ga tsatsa ta cinye ƙasanta, aikin gishirin titi yake kallo, ko da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba.

Tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce: me ke cikin gishiri da ke ba shi wannan iko? Amsar da suka samu ta zo da ban mamaki, domin ba komai. Charles Blagden, a Ingila, ya nuna a 1788 cewa saukar daskarewa na tafiya ne da yawan abin da aka narkar: ka ninka gishiri, saukar ta ninku. Bayan kusan shekara ɗari, François-Marie Raoult, malami a Grenoble ta Faransa, ya yi ta narkar da abubuwa iri-iri yana aunawa, har a 1882 ya fito da abin da ya gano: in adadin ƙwayoyin da aka narkar ɗaya ne, saukar ɗaya ce, ko sukari ne, ko barasa, ko wani abu dabam. Ruwa ba ya tambayar mene ne ya shigo. Nawa ne kawai yake tambaya. Kwandasta ne a tasha: ba ruwansa da sunanka ko garinku, attajiri ne kai ko almajiri, kai yake ƙirgawa.

Abin da ya sa gishiri ya fi sukari tasiri, cokali da cokali, shi ne ƙwayarsa ƙarama ce. Adadin ƙwayoyin da ke cikin giram 58 na gishiri, sai ka auno giram 342 na sukari kafin ka same shi. Amma ko da aka daidaita adadin, lissafin ya ƙi fita: gishiri na ba da kusan ninki biyu na abin da doka ta ce. Jacobus van 't Hoff na ƙasar Holan ya sa wata lamba a lissafinsa don cike wannan giɓi. Ruwa dai ba ya tsami banza. Wani matashi a Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya kawo dalilin: da gishiri ya shiga ruwa, kowace ƙwayarsa rabewa take gida biyu, sodiyam da kulorayid, kowanne ɗauke da cajin lantarki, kowanne na yawonsa dabam. Ƙidayar ruwa daidai take, masana ne suka ƙirga biyu a matsayin ɗaya. Kundin digirinsa na 1884, inda tunanin ya fara tsira, da ƙyar malaman jami'ar Uppsala suka bar shi ya wuce. A 1903 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan aikin, shekara biyu bayan van 't Hoff ya karɓi ta farko a fannin kimiyyar sinadarai. Kalsiyam kulorayid da ake nema in sanyi ya tsananta, gida uku yake rabewa, kuma ruwa na iya shan sa da yawa.

Ba sai an je Turai za a ga wannan ba. Duk mai sayar da ƙanƙarar zoɓo ta san ledar ruwa kan riga ledar zoɓo daskarewa a firiza ɗaya, kuma in sukari ya yi yawa, ƙanƙarar ba ta yin tauri, sai ta tsaya ruɓu-ruɓu. Dubi yaro da tasa a hannu. Ya huda kusurwar leda da haƙori, ya kafa baki yana zuƙa. Jan na bin bakinsa, zaƙin na tafiya, can sai ka ga abin da ya rage a ledar fari ne, lami, ya yi ta juya shi yana neman inda sauran daɗi ya ɓuya. Tun a firiza aka yi rabon: ruwa ya jeru ya zama ƙanƙara, ya ture sukari da launi zuwa 'yan hanyoyin da ke tsakani, inda suka zauna da kauri ba su daskare ba. Yaron waɗannan hanyoyin ya zuƙe. Mai alewa kuma yana can ɗaya gefen dokar: ruwan sukarinsa na ƙafewa, zafin tafasarsa na hawa, har ya kai wajen digiri 150 in mai tauri ake so.

Abin da ke faruwa a ledar zoɓo shi ke faruwa a tekunan ƙarshen duniya. Ruwan teku na daskarewa a kusan digiri 2 ƙasa da sifili, kuma yana daskarewa yana tofar da yawancin gishirinsa. Ƙanƙarar tekun da ta shekara biyu ko uku takan tsane har a narkar da ita a sha. Gishirin da aka tofar kuwa yana ƙara wa ruwan ƙasa nauyi, sai ya nutse. A gefen Antatika, musamman Tekun Weddell, wannan ruwa mai sanyi da nauyi ke gangarawa ƙasan teku ya bazu har ya haura tsakiyar duniya, yana cikin abubuwan da ke juya ruwan tekuna. A can Antatika ɗin akwai wani ɗan tafki, Don Juan, da kalsiyam kulorayid ya yi wa yawa har da wuya ya daskare ko a sanyin digiri 50 ƙasa da sifili.

A ruwan tekun Antatika ne kuma aka ga inda ƙidaya ta gaza. Jinin yawancin kifaye ya kamata ya daskare tun kafin digiri 1 ƙasa da sifili, amma ga kifaye na iyo a ruwan da ya fi haka sanyi. Gishirin da ke jininsu bai kai ya kare su ba. A ƙarshen shekarun 1960 Arthur DeVries, da ke bincike a McMurdo ta Antatika, ya gano wani furotin a jinin nasu da ke manne wa ƙanƙara tun tana 'yar mitsitsiya, ya hana ta girma. Wannan ba da yawa yake aiki ba, da siffarsa yake yi. In ka musanya shi da wani abu mai adadi ɗaya, kifin ya mutu. Ashe dokar da ta ce ruwa ba ya tambayar suna ita ma da nata sharuɗɗan.

Duk da haka, rashin tambayar sunan ya yi wa mutane rana. Madarar saniya na daskarewa a wajen rabin digiri ƙasa da sifili, kuma lambar ba ta cika motsi ba, domin jikin saniya na daidaita abin da ke narke a madararta da abin da ke narke a jininta. Maiƙo ba ya cikin lissafin, don shi ba narkewa yake ba, yawo yake a ciki. Ko an kwashe man, lambar na nan. Amma da an tsirka madarar da ruwa, lambar ta matsa wajen sifili: in ruwan ya kai kashi ɗaya cikin goma, za ta matsa da kamar kashi biyar cikin ɗari na digiri. Harshe ba zai ji ba, ido ba zai gani ba, ma'auni mai kyau zai gani. Julius Hortvet, a Minnesota, ya fito da na'urar wannan gwaji a 1921, kuma kamfanonin madara na aiki da jikokinta har yau. Shaida ce da ba a saye da kuɗi. Sai dai ana iya ruɗin ta, kuma ta hanyar ƙarfin nata: mai algus da ya san kan abin, in ya ƙara ruwa sai ya bi shi da ɗan gishiri ko sukari, ƙidaya ta koma daidai. Shi ya sa ɗakin gwaji ba ya tsayawa a nan, sai ya ƙara wasu gwaje-gwajen da ke tambayar mene ne a ciki.

Tambayoyin biyu ne, kuma kowace ita kaɗai gurguwa ce. Maganarmu ta yau da kullum ta ƙware a ta farko: mene ne, wane ne, wa ya yi. Muna cewa kaza na ƙara kaza, kaza na rage kaza, mu wuce, ba mu ce da nawa ba, alhali sau da yawa ma'anar duk tana cikin wannan nawa ɗin. Lissafi kuma ya ƙware a ta biyu, yana iya ba ka lamba har gida uku bayan ɗigo bai san me ya ƙirga ba. Inda aka fi ganin ba a raba su shi ne gefen gadon asibiti. Ledar ƙarin ruwa da ake rataya wa majiyyaci giram 9 na gishiri ne a kowace lita, kuma tana daskarewa a daidai inda ruwan jinin mutum ke daskarewa, wajen rabin digiri ƙasa da sifili, alamar ƙidayarsu ɗaya ce. In aka ɗura ruwa zalla a jijiya, jajayen ƙwayoyin jini za su sha shi su kumbura su fashe. Adadin ne bai kai ba. In kuma aka cika adadin daidai wa daida amma da gishirin fotasiyam a maimakon na sodiyam, aka sake shi da gudu, ma'aunin daskarewa ba zai ga laifin komai ba, zuciya kuwa tsayawa za ta yi. Shi ya sa aka hori ma'aikaciyar jinya ta karanta abu biyu a jikin leda kafin ta rataya ta: sunan abin da ke ciki, da yawansa.